Wasiƙa: Fargabar Yara a Makarantun Sakkwato, a Tare Ta Tun Ba Ta Zama Cuta Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Sakkwato, da hukumar ilimin matakin farko ta jiha (SUBEB), da shugabannin makarantun boko da na islamiyya, game da wani ciwo da ke cin yara a cikin aji ba tare da ya tayar da ƙura ba.

Kowane malami ya san yaron da ke hana aji zama lafiya, domin kullum shi ake kai wa hedimasta. Wanda ido ba ya kaiwa kansa shi ne yaron da cikinsa ke murɗawa kowace safiyar Litinin, azahar na yi ya warke sarai. Haka yarinyar da ta iya karatu a gida, amma da an ce ta miƙe ta karanta sai murya ta maƙale. Akwai wanda ke riƙe fitsari tun safe har a tashi don tsoron ban-ɗakin makaranta, akwai wadda barci ke ƙaurace mata mako guda kafin jarrabawa. Mukan yaba musu, mu ce yara ne masu kunya da natsuwa. A wasu kunyar ce da gaske, kuma kunya ado ce. Sai dai kunya ba ta sa tafin hannu zufa, ba ta sa amai a bakin ƙofar makaranta. Yaron nan da ke cewa "gabana na hwaɗuwa" da harshenmu na nan, abin da yake ji a jikinsa yake faɗa.

Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike 41 daga ƙasashe 27 ya nuna cewa kashi 6.5 cikin 100 na yara da matasa suna da ciwon fargaba wanda ya kai a kira shi cuta. A ajin da ke da yara 60, lissafin ya kama kusan huɗu ke nan, ban da waɗanda ke bakin gaɓa. Wani babban bincike na Amurka a 2005 ya gano cewa rabin masu wannan ciwo ya fara musu ne kafin su wuce shekara 11. Shi ya sa maganar rigakafi take ta firamare, aji huɗu zuwa aji shida, da kuma shekarar farko ta ƙaramar sakandare.

Kafin komai, ya kamata a gane abin da ke ciyar da fargaba, domin duk shirin da bai taɓa wannan wuri ba ɓata alli ne. Abincinta gudu ne. Yaro ya ji tsoron karatu a gaban aji, sai ya ɓuya a bayan na gabansa, malam ya tsallake shi, nan take ƙirjinsa ya yi sanyi. Wannan sanyin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa ɓuya ce ta cece shi, gobe tsoron ya ƙaru, kuma bai samu damar ganin cewa da ya karanta ba abin da zai same shi ba. Uwa mai tausayi da ta ce ya zauna gida yau tunda ciki na ciwo, da malamin kirki da ya daina kiransa don kada ya kunyata, duk sun zuba wa abin taki ba da niyya ba. Maganin da bincike ya fi tabbatarwa, wanda likitoci ke kira CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, ƙashin bayansa shi ne tunkarar abin tsoro kaɗan-kaɗan, a jere, har jiki ya saba. Masu ganin cewa wannan dabarar Turawa ce su duba Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya. Ya rubuta cewa yawan haɗuwa da abin tsoro yana rage firgita, kuma ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani a lokacin da hankalinsa ke kwance, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo.

A Sakkwato dole a yi wata rarrabewa wadda littattafan ƙasashen waje ba su cika damuwa da ita ba. Yaron Sabon Birni ko Isa ko Goronyo da ke zabura in ya ji ƙarar babura da dare, tsoronsa yana da tushe. A watan Maris na 2024 an sace almajirai 15 daga wata tsangaya a Gidan Bakuso cikin ƙaramar hukumar Gada, kuma yara sun ji labarin kamar yadda manya suka ji. Ba a koya wa yaro ya tunkari haɗari na gaske. Wannan aikin katanga ne da maigadi da jami'an tsaro da tsarin ficewa. Haka nan tsoron bulala. Ba zai yiwu a ce wa yarinya "gwada, ko kin yi kuskure ba komai" a ajin da kuskure ke jawo dorina ba, domin ƙarya aka yi mata kuma ta sani. Makarantar da ke son wannan shiri sai ta fara da ajiye bulala kan kuskuren karatu, ta hana monita dukan 'yan'uwansa, ta duba yadda ake tarbar masu latti a bakin ƙofa. Sau da yawa mai lattin nan shi ne wanda ya yi awa guda yana fama da cikinsa kafin ya iya fitowa. In aka tarbe shi da duka, gobe ba zai zo ba sam.

To me aka gwada a wasu wurare, me ya fito? Shirin da ya fi suna shi ne FRIENDS, wanda Farfesa Paula Barrett ta tsara a Ostareliya: zama 10 na mako-mako, da zama biyu na tuni, da zama da iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambace shi a rahotonta na 2004 kan rigakafin cututtukan ƙwaƙwalwa. Tun a 1997, Mark Dadds da abokan aikinsa a birnin Brisbane sun tace yara 1,786 masu shekara 7 zuwa 14, suka ware 128 da ke da alamomi. Cikin waɗanda abin bai kai ga cuta ba tukuna, bayan wata shida kashi 54 na waɗanda aka zuba wa ido kawai sun kamu, alhali kashi 16 ne suka kamu cikin waɗanda aka yi wa zaman mako goma. Bayan shekara biyu tazarar ta ragu amma ba ta ɓace ba.

Darasin da ya fi shafar mu ya fito ne daga Ingila a 2014. Paul Stallard ya gwada FRIENDS a makarantun firamare kusan 40, da yara sama da 1,300 'yan shekara 9 zuwa 10. A wasu makarantun ma'aikatan lafiya ne suka ja zaman, a wasu kuma malaman aji, littafi ɗaya, darasi ɗaya. Bayan shekara guda, fargaba ta ragu inda ma'aikatan lafiya suka ja, amma inda malaman aji suka ja ba a ga bambanci da makarantun da ba a yi komai ba. A jihar Bihar ta Indiya, shirin SEHER a makarantun sakandare 75 ya ba da irin wannan sakamako a 2018 kan zaman lafiyar makaranta da baƙin ciki da cin zali: wanda aka ɗauko daga gari aka horar da shi don wannan aiki kaɗai ya kawo canji, malamin da aka ɗora wa aikin a kan nasa bai kawo ba. Wannan ba laifin malamai ba ne. Mai riƙe da jan biro da rajista, wanda manhaja ke kora, zai mayar da zaman lacca, ya tsallake atisayen in lokaci ya ƙure, kuma yaro ba zai gaya wa mai ba shi maki abin da ke hana shi barci ba.

Ba sai likita ba kuwa. A Kenya, shirin Shamiri ya yi amfani da matasan da ba su daɗe da gama sakandare ba, zama huɗu kacal na awa ɗaya-ɗaya, kuma gwajin da aka buga a 2021 da ɗalibai 413 ya nuna raguwar fargaba da baƙin ciki wadda ta ɗore har wata bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da nata shirin mai suna EASE don yara 'yan shekara 10 zuwa 15 da ke cikin ƙunci, zama 7 da yara da zama 3 da iyaye, wanda aka gwada a makarantun gwamnati a Pakistan da kuma tsakanin yaran 'yan gudun hijirar Siriya a Jodan. A nan gida, wani ƙaramin gwaji a Ibadan da aka buga a 2016 ya nuna zama biyar na CBT a makaranta ya taimaki ɗalibai masu baƙin ciki.

Akwai kuma wanda bai yi aiki ba, kuma wajibi ne a faɗa. A 2022 an fitar da sakamakon gwajin MYRIAD a Birtaniya, inda malamai suka koyar da dabarar tattara hankali ga ɗalibai sama da 8,000, kuma ba ta fi darussan da aka saba yi ba. Yawancin yaran ba su ma yi atisayen a gida ba. Wani nazari na 2019 da ya haɗa gwaje-gwaje 137 ya ce hujjar shirin da ake yi wa aji gaba ɗaya ba ta da ƙarfi, ko da yake CBT ya ɗan nuna amfani a kan fargaba. Hukuncinmu daga duk wannan shi ne: taron wayar da kai na yini ɗaya, da rumfa da lasifika da riguna masu tambari, kuɗi ne aka watsa wa iska. Abin da ke da fata shi ne ƙaramin rukuni, mako-mako, da wanda aka horar kuma ake bibiyar aikinsa, da atisaye na zahiri.

Ga yadda muke ganin zai zauna a makarantar gwamnati a Wamakko ko Bodinga ko cikin gari.

Zangon farko ya fi dacewa, daga Satumba zuwa Disamba. Zama goma zai shiga cikinsa, zaman tuni na farko ya zo bayan wata ɗaya, na biyu bayan wata uku. Zafin Maris zuwa Mayu, da yakan haura digiri 40, ba lokacin koya wa yaro saurarar jikinsa ba ne. Zaman ya zama da safe, minti 45 zuwa 60, a cikin jadawali, ba bayan an tashi ba, domin bayan tashi akwai islamiyya da talla da ɗebo ruwa, kuma waɗanda aka fi nema su ne za su fara zamewa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma kowa ya san ajujuwanmu da yawa sun ninka haka. Don haka a raba aikin hawa biyu. Aji biyar gaba ɗaya su samu darasi uku ko huɗu kan sanin alamomin tsoro a jiki da numfashi da yadda gudu ke ƙara tsoro. Sannan yaran da aka gano suna da alamomi su shiga rukuni na 8 zuwa 10, mata daban maza daban, da mutum biyu masu jan zaman. Kayan aiki ba su da yawa: littafin rubutu mai falle 40 ga kowane yaro, fensir, alli, kwali, da tsakuwa goma ko ƙwallon dabino goma.

Masu ja su kasance masu jin Hausa kamar jakin Kano, a yankunan da ake buƙata kuma har da Fulfulde. Masu takardar NCE da ke zaune ba aiki, ma'aikatan lafiya na matakin farko, da malaman ba da shawara waɗanda za a sauke musu wasu darussa, duk za su iya. A ba su horo na aƙalla kwana biyar wanda rabinsa gwaji ne a junansu, ba sauraro ba. Bayan haka kowane mako biyu su zauna da ƙwararre su kawo matsalolin da suka ci karo da su, kuma a riƙa shiga zama ɗaya cikin biyar da takardar duba ko an yi kowane sashe. Wannan bibiyar ita ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙaranci, ita ce kuma ke riƙe da shirin. Malamin aji ya zauna a darussan aji gaba ɗaya, ya san tsanin kowane yaro, wato jerin matakan da zai bi wajen tunkarar abin da yake tsoro, don ya ba shi dama a cikin mako, amma kada jan zaman ya zama a wuyansa.

Gano yaran yana da nasa tarko. In aka ce malamai su zaɓo, masu ƙiriniya za su kawo. Akwai takardun tambayoyi da aka gwada, irin su ma'aunin Spence mai tambaya 44 da gajeren RCADS mai 25. Sai a fassara su zuwa Hausa, wani daban ya mayar da fassarar Turanci a ga ko ma'ana ta kauce, a gwada a kan yara 20 ko 30 a ji yadda suka fahimta. Kalmar "damuwa" ita kaɗai tana ɗaukar talauci da rashin lafiya da ɓacin rai, don haka a yi amfani da faɗuwar gaba, zullumi, ɗar-ɗar, firgita. A karanta wa yara tambayoyin da baki, domin ɗan aji biyar da yawa bai iya karanta su da kansa ba. A nemi yardar iyaye tun farko. Kada a kira sunayen waɗanda aka zaɓa a filin taron safe. Rana ɗaya ta isa a laƙaba wa rukunin "ajin mahaukata", kuma a garinmu irin wannan suna yana iya bin yarinya har lokacin aurenta. A sa wa rukunin suna irin na sauran ƙungiyoyin makaranta, a kulle takardun a akwati.

Zama biyu na farko na sanin jiki ne. Yaro ya zana mutum ya nuna inda tsoro ke sauka masa, ƙirji ko ciki ko gwiwa ko maƙogwaro. A koya masa awo da tsakuwa: babu ko ɗaya hankali kwance, goma tsoro ya kai maƙura. Zama na uku numfashi ne, kuma a nan ake yawan kuskure. In aka ce wa yaro "ja dogon numfashi", sai ya riƙa zuƙa da ƙarfi da sauri, iskar da jiki ke fitarwa ta ragu a jini fiye da kima, jiri ya kama shi, yatsu su yi tsami ko su ƙage, ya ƙara firgita. Daidai shi ne ya ɗora hannu a ciki, ya shaƙa ta hanci a hankali yana ƙirga uku, ya fitar ta baki yana ƙirga biyar kamar mai hura kunu mai zafi. Sau goma, safe da yamma, a lokacin da ba abin da ke damunsa. Wanda bai koya a natse ba, ba zai tuna da shi a ɗakin jarrabawa ba. Zama na huɗu da na biyar na tunani ne: me zuciyarka ke ce maka zai faru, sau nawa ya taɓa faruwa, in ya faru me za ka yi, me za ka ce wa ƙaninka in shi ne. Kada a koya wa yaro cewa "komai zai yi daidai", domin wani lokaci ba ya yi. A koya masa cewa "zai yi wuya amma zan iya daurewa".

Daga zama na shida zuwa na tara tsani ne, kuma in za a rage wani abu a shirin, kada ya zama shi. A ɗauki yarinyar da ba ta iya karatu a gaban aji. Ita da mai ja za su jera matakai shida zuwa takwas, ita ce ke sa wa kowanne tsakuwa. Ta karanta wa yayarta layi biyu a gida, tsakuwa biyu. Ta karanta wa ƙawa ɗaya a gindin bishiya lokacin tara, uku. Ta karanta a cikin rukuni tana zaune, huɗu ko biyar. Ta amsa wata tambaya a aji wadda aka shirya da malam tun jiya, shida. Ta miƙe a kujerarta ta karanta layi uku, bakwai. Ta fita gaban allo, takwas. Na ƙarshe, wanda ya fi ba mutane mamaki, ta ɗaga hannu ta ce "Malam, ban gane ba", ko ta yi kuskure da gangan ta ga cewa aji bai rushe ba. Kafin kowane mataki ta rubuta abin da take tsammani zai faru, bayansa ta rubuta abin da ya faru. Ta maimaita mataki sau uku zuwa biyar a cikin mako, har tsakuwar ta ragu kamar da rabi, sannan ta hau na gaba.

Abubuwan da ke karya tsani sanannu ne. Mai ja ya yi gaggawa ya tsallaka da ita daga mataki na biyu zuwa gaban allo, ta daskare, aji ya yi dariya, an koma baya fiye da inda aka fara. In haka ta faru, a sauko mataki ɗaya a ranar, kada a bari ta kwana a kan faɗuwa. Ko kuma ya ji tausayi ya janye ta daidai lokacin da tsoro ya kai ƙololuwa, wanda shi ne gudun da muka ambata, sanye da rigar taimako. Ko a bar ta da sandar dogarawa, kamar ƙawar da ke raɗa mata amsa, ko karatu da murya ƙasa-ƙasa fuska a cikin hijabi, sai ta ce ƙawar ce ta cece ta. Ko a yi mataki sau ɗaya a mako, a ranar zama kawai, wanda bai isa jiki ya saba ba. Lada kuma a ba da shi kan gwadawa, ba kan iyawa ba, kuma nan take: dabino biyu, alewa, ko yabon da ya ambaci abin da ta yi, "na ga muryarki na rawa amma kin kai ƙarshen layi". Addu'a tana da gurbinta. Addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da ta zo a Bukhari yara da yawa sun hardace ta, kuma yana da kyau yaro ya yi ta sannan ya taka matakin. Abin lura shi ne in ta koma sai ya maimaita sau ashirin yana shakkar ko ya yi daidai, har ya kasa shiga aji. Wannan wasiwasi ne, kuma malaman addini sun san shi sun san hukuncinsa.

Iyaye su samu zama biyu ko uku. Kiran taron iyaye da malamai ba zai kawo uwaye ba, kuma su ne ke ganin safiyar Litinin. A same su a islamiyyar matan aure, da mace mai ja. Wannan ƙasa ta san tsarin tun zamanin Nana Asma'u da jajoji na 'Yan Taru, waɗanda suka riƙa kai karatu ga mata har ƙauyuka. Iyaye maza a same su ta hannun liman da mai unguwa. Kakanni kada a manta da su, domin sau da yawa ɗakin kaka ne maɓoyar wanda ya ƙi makaranta. Saƙon gajere ne. A daina tsorata yara da dodo da allura da ɗan sanda. A daina kallon bidiyon harin 'yan bindiga na WhatsApp da TikTok a gabansu. Ciwon ciki ko na kai in ya zo da zazzaɓi ko amai ko gudawa, asibiti za a je a yi gwajin maleriya. In ba ko ɗaya, kuma yakan warke ranar Asabar, a ce masa "na san yana maka ciwo, kuma za ka je", a raka shi, a yi sallama gajera a bakin ƙofa. Kowane yini da ya ƙara a gida yana ƙara wa komawar nauyi. Yaron da ke tambaya sau goma "Inna, ba abin da zai same ki?" a ba shi amsa sau ɗaya da kyau, sauran a ce masa an riga an amsa.

Wasu cututtukan jiki suna kama da fargaba, kuma ya kamata ma'aikacin lafiya ya duba yaran rukuni kafin a fara: ƙarancin jini, asma, farfaɗiya, sikila, ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu, da yunwa kanta. Yaron da ba ya ganin allo ko ba ya ji sosai shi ma zai ƙi amsa tambaya.

Makarantun 'yan mata, musamman na kwana, suna fuskantar wani abu da ya kamata shirin ya tanadar wa ƙa'ida: ɗaliba ɗaya ta faɗi tana haki, kafin minti talatin goma sun bi ta. A ɗauke ta farkon zuwa ɗaki mai iska, a mayar da sauran aji, a hana taruwa da ɗaukar hoto, domin ta ido da kunne abin ke yaɗuwa. A raba waɗanda suka faɗi, kada a jera su a ɗaki ɗaya. A duba zazzaɓi da sanƙarewar wuya, tunda muna yankin sanƙarau kuma annobar 2017 ta taɓa jihar nan. Babu rufe fuska da leda, babu duka, babu hayaƙi. Iyayen da ke son ruƙiyya ba sai an yi jayayya da su ba, a yi ta a keɓe a natse, ba a tsakiyar fili gaban ɗaruruwan yara ba.

Yaran da suka ga hari da idonsu ko aka raba su da garuruwansu, kada a tara su a ce kowa ya ba da labarin abin da ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da irin wannan zama na sau ɗaya, domin ba ya hana ciwon kuma yana iya tayar da shi. Abin da ke taimaka musu a makaranta shi ne jadawalin da ba ya canzawa, babba ɗaya da suka san za su iya zuwa wurinsa, da atisayen ficewa da ake sanar da su tun kafin a yi, ba a buga ƙararrawa ba zato ba.

Rukunin makaranta yana da iyaka, kuma tun kafin zama na farko mai ja ya san inda zai tura wanda ya fi ƙarfinsa. Wanda ya yi mako biyu bai zo makaranta ba saboda tsoro, wanda ke magana a gida amma ya yi fiye da wata bai furta kalma a makaranta ba, wanda mugun mafarki da zabura suka wuce wata guda, wanda ya daina ci yana ramewa, duk a kai su ga ƙwararru a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wanda ya ambaci kashe kansa, ko ya bayyana cewa ana lalata da shi ko ana azabtar da shi, a ranar za a ɗauki mataki, kuma a gaya wa yara tun zaman farko cewa wannan sirri ne da ba a riƙewa. Ciwon yana jin magani. A wani gwaji na Amurka a 2008 da yara 488, kusan kashi 60 sun samu sauƙi sosai da CBT kaɗai, kusan 81 da CBT haɗe da maganin likita. Abin da za a guje wa shi ne ƙwayar barci irin diazepam daga kemis, wadda ke kwantar da yaro yau ta bar shi da dogaro da ita gobe.

Tun watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, don haka jiha tana da madogara. Roƙonmu ga Ma'aikatar Ilimi da ta Lafiya shi ne kada a fara da ƙananan hukumomi 23 a lokaci guda. A zaɓi makarantu 24, na gari da na ƙauye, a jefa ƙuri'a 12 su fara bana, 12 su jira baɗi don a samu abin kwatance. A auna yaran kafin farawa, da bayan zama na goma, da bayan wata shida da wata goma sha biyu, a haɗa da rajistar zuwa makaranta, wadda ba ta cin ko kwabo. Waɗanda suka ja zaman kada su zama masu aunawa. Sashen ilimi da na likitanci na jami'o'inmu da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari suna da mutanen da za su iya wannan. A buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. In ana son zama na farko ya kama mako na biyu na zangon farko, fassarar takardu da horar da masu ja sai an gama su a cikin dogon hutun Agusta.

Mun gode da ba mu fili. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu malaman makaranta da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa,
Sakkwato.